Sauda da Haruffa Masu Ƙugiya

A unguwar Awendjé ta birnin Libreville aka haifi Sauda, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, inda maƙwabcin dama ɗan ƙabilar Fang ne, na hagu kuma mutumin Mali. Mahaifinta, Alhaji Ɗan'azumi, ɗan Gezawa ne. Ya zo Libreville, babban birnin Gabon, tun yana saurayi, ya yi talla a kai, ya yi ta a teburi, har Allah ya ba shi shagon atamfa a Nombakélé, dab da bakin kasuwar Mont-Bouët. Mahaifiyarta, Hajiya Zubaida, daga baya ta biyo shi, kuma har yau ba ta yarda cewa rogon nan da ake naɗewa a ganye ya kai a kira shi abinci ba.

Da harsuna biyu Sauda ta tashi, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hausarta ta cikin gida ce, ta gaisuwa da girki da faɗa da ƙanne. Duk abin da ya wuce ƙofar gida, da Faransanci ta san shi. Da shi ta koyi lissafi, da shi take yin tsaki idan taksi ya fallatsa mata ruwan kwata. Da aka kai ta Kano hutu tana yarinya, 'yan uwa suka kewaye ta suna sa ta maimaita magana suna dariya, saboda ta kira mararraba karfur. Ba ta yi kuka ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce su faɗa mata sunayen kifayen teku in sun isa. Babu wanda ya taɓa ganin tekun ma, sai dariyar ta lafa.

Tana makarantar sakandare ta haɗu da abin da zai zama sana'arta. Akwai wani shagon intanet a layinsu, na wata mata 'yar Benin. Wata rana Sauda ta danna wani abu bisa kuskure, sai shafin da take karantawa ya juye ya zama rubutu jere-jere cike da alamomi. Da wata ce da ta rufe ta kira mai shago. Ita kuwa ta gyara zama tana bi layi-layi, har ta gane cewa wannan shi ne cikin shafin, kamar a juya riga a ga ɗinkinta. Ta kwafe shi, ta canza kalma ɗaya, ta buɗe, sai ga shafin ya koma kore. Daga ranar ba ta ƙara sha'awar wani aiki ba.

Ta karanci ilimin kwamfuta a nan Libreville. Ranar da ta gaya wa mahaifiyarta cewa yaren da suke koyo sunansa Python, wato mesa, Hajiya Zubaida ta ajiye ludayi ta ce, "Duk sunayen duniya su rasa na sawa sai na maciji? Allah ya tsare." Da ta gama, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Cocotiers da ke rubuta manhaja wa kantunan magani. Teburinta na kusa da na Moussa, wani haifaffen Gabon kamarta, iyayensa 'yan Senegal. Cikin ɗan lokaci kowa a ofis ya san cewa in aiki ya cije, Sauda ake miƙa wa.

Wata Asabar da rana ruwa ya tsare ta a shagon mahaifinta. Kasuwa ta yi sanyi, kwanon rufi sai ƙara yake. Alhaji yana ninke atamfa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wai ni Sauda, me kike yi ne a ofis ɗin nan naku? Ɗan Alhaji Saliou likita ne, kowa ya san aikin likita. Ni in aka tambaye ni a masallaci, sai in ce tana danna kwamfuta. To ai kowa ma dannawa yake."

Ta buɗe baki, Faransanci ya zubo. Ta yi ta jero kalmomin aiki, tana tsoma Hausa nan da can kamar gishiri. Alhaji ya saurara har ta kai aya, ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya juya ga wata mata da ta shigo fakewa.

Wannan "Allah ya taimaka" ta tsaya mata a rai. Ba ta saba a tambaye ta abu ta kasa ba da amsa ba, balle abin da ta fi kowa sani. Washegari da safe ta zauna a kicin kusa da mahaifiyarta, wadda ke koya wa wata amaryar gidan yadda ake masa. Hajiya tana cewa, "Ki jiƙa shinkafar, ki kai markaɗe, ki sa yis ki rufe. In ta tashi ki soya. In ba ta tashi ba, kada ki taɓa ta, ki ƙara jira ki sake dubawa." Sauda ta kasa kunne. Abin da ta shekara tana rubutawa ke nan da alamomi, ga shi mahaifiyarta tana faɗa da baki tana fifita wuta.

Asabar ta gaba ta koma shagon da shirinta.

"Baba, ka sake yi mini tambayar nan."

"Wace?"

"Ta aikina. Ni umarni nake rubutawa. Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan, biyayya kawai gare ta da sauri. Sai an gaya mata komai daki-daki: yi wannan, sannan wannan, in kaza ya faru koma can. Wannan jerin matakan shi ake kira algoritim. Ni nake tsara shi, in rubuta mata da yaren da take ji."

Alhaji ya ajiye almakashi. "Ashe sabon ɗan aiki ce. Abin da ka ce shi zai yi, ko da kai ne ka faɗa ba daidai ba."

"Haka take, Baba. In na faɗa ba daidai ba, wannan kuskuren shi ake kira ƙwaro. Rabin aikina neman ƙwari ne."

Ya yi dariya har da riƙe teburi. Dariyar ce ta jawo maƙwabcinsa Rabiou, mai sayar da takalma, mutumin Damagaram. Aka maimaita masa. Ya ce to shi ma yana da tambaya: kullum wayarsa na ce masa wai sarba ba ta amsa ba, wace ce wannan sarba, kuma me ya yi mata? Sauda ta ce, "Kawu, kwamfuta ce da ba ta barci. Tana zaune a wani gari, aikinta a tambaye ta ta bayar. In mutane sun yi mata yawa sai ta rasa wa za ta fara saurara." Rabiou ya miƙo wayarsa ya ce ta sake faɗa a ciki, zai kai wa matarsa ta ji.

Haka Kalmar Juma'a ta samo asali. Kowace Juma'a da safe, kafin ta fita aiki, Sauda takan naɗi muryarta tana bayanin kalma ɗaya, ta tura wa wani zaure na waya da ya fara da maƙwabtan shago, ya bazu har rumfunan Awendjé, daga baya har da direbobin manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Owendo. Ta kafa wa kanta sharuɗɗa. Bayani kada ya fi abin da mutum zai ji yana ɗaure wa mai saye kaya. Misali daga kasuwa zai fito ko daga kicin. In babu kalmar Hausa, ba za ta ƙirƙiro wata doguwa da ba wanda zai riƙe ba. Za ta bar baƙuwar da sunanta, ta faɗi aikinta.

Da ta zo kan API, ta ce taga ce tsakanin manhaja biyu, kamar tagar babban sito: ba ka shiga ciki, a taga za ka tsaya ka faɗi abin da kake so yadda aka tsara, a miƙo maka. Kompila ta ce tafinta ne, mai juya abin da mutum ya rubuta zuwa yaren da inji ke ji, kuma tafinta ne mai taurin kai, in ka bar ɗigo ɗaya ba zai fassara komai ba. Git ta ce kamar tela ne da ke tuna kowane ɗinki, wanda zai iya warware riga ya mayar da ita daidai yadda take shekaranjiya. Wannan ya yi wa telolin Nombakélé daɗi, wani har ya aiko yana tambayar ko ana sayar da shi. Akwai makon da ta yi bayanin rumbun bayanai, wata tsohuwa ta kira ta ta ce ita ba ta gane ba, a sake. Sauda ta sake da wani misali, tsohuwar ta ce yanzu ma da sauƙi dai.

Ba kullum ake tafa mata ba. 'Yan Najeriya suka ce ta cika sa Faransanci, 'yan Nijar suka ce ta cika Kananci. In ta ce kwamfuta, wani ya ce su ordinatar suka sani. Sai ta riƙa faɗin duka biyun a jere ta wuce, ba ta tsayawa gardama. Hausarta kuwa sai ƙara nauyi take, don kowace Alhamis sai ta zaunar da mahaifiyarta ta gwada mata kalmomi. Hajiya Zubaida ba ta san kwamfuta ba, amma kunnenta ba ya barin jimlar da ta karkace ta wuce.

Ana cikin haka kwamitin al'ummarsu ya neme ta. Shugabansa, Alhaji Abdulgani, dattijo ne mai sayar da kayan gini. Ya ce sanarwar suna da ɗaurin aure da rasuwa tana yi musu wuya, mutane sun warwatsu a unguwanni, kuma da yawa daga cikin tsofaffi ƙananan wayoyi gare su marasa intanet. Ko za ta iya yi musu abin da zai tura saƙon rubutu ga kowa lokaci ɗaya? Ta ce za ta iya. Ta rubuta manhajar a ranakun hutunta, ta gwada a kwamfutarta, komai ya tafi daidai.

Sanarwar farko ta faɗo a kan Rabiou. Matarsa Nafissa ta sauka lafiya, bayan sun daɗe suna nema. Sauda ta rubuta da hannunta: "An haifa wa Rabiou mai takalma ɗa. Suna Taufiƙ. Raɗin suna ranar Lahadi da safe a Awendjé." Ta danna, ta tafi ofis da farin ciki.

Ba ta daɗe da zama ba wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne.

"Sauda, ki zo shago. Rabiou na nan, ransa a ɓace."

Ta buɗe saƙon a wayar Moussa, wanda ta sa lambarsa don gwaji. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, alamar tambaya ce ta zauna a wurin. Abin da mutane suka karanta shi ne: "Suna Taufi?" Tun safe ake kiran Rabiou. Wasu na tambayar ko har yanzu bai tsayar da suna ba ne ya sa kwamiti ke neman shawara. Wani ya ce shi dai bai taɓa jin Taufi a littafi ba, gara a sa Abdulmuhaimin. Wata gwaggon Nafissa ta kira daga Damagaram tana faɗa.

Moussa ya leƙa rubutun manhajar, ya nuna mata layi ɗaya da yatsa. Ita ma ta riga ta gani. A wurin da manhajarta ke miƙa saƙo ga kamfanin waya, ta bar tsohon tsarin haruffa, wanda ya san na Faransanci amma bai san na Hausa ba. Ya ce da Faransanci, "Mafi sauƙi ki cire ƙugiyoyin. Kowa haka yake rubutawa a waya." Ta ce a'a, ta ɗauki jakarta.

A shagon ta tarar da mahaifinta da Rabiou da Alhaji Abdulgani. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta fuskanci Rabiou.

"Kawu, laifina ne, ba na kwamiti ba, ba na waya ba. Na gwada a kwamfuta ban gwada a ƙaramar waya ba. Ka yi haƙuri. Kafin la'asar saƙo zai sake fita daidai."

Rabiou ya zo da faɗa a bakinsa, amma ya rasa inda zai sauke shi. Ya ce, "Ni ba komai. Nafissa ce ke ta kuka, wai an mai da sunan ɗanta abin tambaya."

Alhaji Abdulgani ya gyara murya. "'Yata, abin da nake gani, a bar waɗannan ƙugiyoyin. A rubuta harafin ka da harafin da kamar kowa. Wa zai kasa ganewa?"

Mahaifinta ma ya sa baki. "Shekara da shekaru takardun ƙasar nan Dan Azoumi suke rubuta ni, ban ragu da komai ba."

"Haka ne, Baba," in ji Sauda. "Amma wancan ofishinsu ne. Wannan saƙon namu ne, mu muka rubuta wa kanmu. Kuma ba sai mun roƙi kowa ba, an riga an ba haruffanmu wuri." Ta jawo turmin atamfa daga kan kantar shagon. "Wannan turmin, in ka saya a Kano ko a Kwatano ko a nan, tsawonsa ɗaya ne, ko ba haka ba? Saboda an yarda da awo ɗaya. A kwamfuta ma akwai irin wannan yarjejeniya, sunanta Unicode. An bi haruffan duniya, na Larabci da na Sin da na Habasha, kowanne an ba shi lambarsa. Ƙa mai ƙugiya tana da tata, ɗa tana da tata, ɓa ma haka. Ni ce na aika saƙon da tsohon awo, wanda ba ya ɗauke da su. Da inji ya ga harafin da bai sani ba, sai ya sa alamar tambaya."

"Ashe shi ma tambaya yake," in ji Rabiou. Ya fara murmushi.

"Tambaya yake, Kawu. Sai dai akwai abu ɗaya da zan faɗa tun yanzu. In muka sa ƙugiya, saƙo ɗaya ba zai ɗauki rubutu da yawa kamar da ba. Dole sanarwa ta gajarta."

Nan Alhaji Abdulgani ya ɗan ja baya, don shi mutum ne mai son sanarwa ta fara da doguwar sallama ta ƙare da doguwar addu'a. Aka yi ta ja-in-ja a kan abin da za a bari da abin da za a cire. A ƙarshe ya ce sallama ba ta fita, addu'a kuma a bar "Allah ya raya" ko "Allah ya jiƙan rai", sauran a yi a wurin taro. Sauda ta ce ta yarda.

Ta koma Cocotiers ta gyara layin. Wannan karon ta aro tsohuwar wayar mahaifiyarta da ta mai gadin ofis, ta gwada a kansu har ta ga ƙugiyar ta fito sarai. Kafin a kira la'asar saƙo ya sake zagaya gari, Taufiƙ da ƙugiyarsa a ƙarshe.

Ranar suna gidan Rabiou ya cika har waje. Nafissa ta sa aka kira Sauda cikin ɗaki, ta harare ta da wasa, sannan ta ɗora mata jaririn a cinya. Liman ya raɗa Taufiƙ, kowa ya shaida. Amma mutanen kasuwa ba su mantuwa da abin dariya. Yaron yanzu yana gudu tsakanin rumfuna, kuma daga Nombakélé har Awendjé ba wanda ke kiransa sai da Taufi, har uwarsa.

Sauda tana nan a kamfaninsu, yanzu ita ke jagorantar masu rubuta manhaja. Manhajar sanarwa na aiki, kuma 'yan Kamaru da 'yan Chadi mazauna garin sun roƙa an sa su a ciki. Ranar Asabar takan zaunar da 'yan matan unguwa da suka gama sakandare a falon mahaifiyarta, ta koya musu rubuta umarni. Da Faransanci suke rubutu a allo, amma ba ta barin kowa ta tashi sai ta faɗi abin da ta koya da Hausa, a jimla biyu ko uku.

Kwanan baya ta tare taksi a Cocotiers za ta Mont-Bouët. Ta faɗi inda za ta, direban ya yi hon alamar ya yarda, ta shiga gaba, don akwai fasinjoji biyu a baya. Tana amsa waya da Hausa sai ta ga yana satar kallonta. Da ta kashe ya ce, da irin Hausar mutanen Garwa, "Hajiya, ba ke ce mai Kalmar Juma'a ba? Na gane muryar. Sunana Ahmadou. Ina da tambaya, ɗana kullum yana cewa in sa VPN. Mene ne shi?"

Sauda ta dubi hanya. Saura kaɗan su kai inda za ta sauka.

"Ka san in ka ɗauko fasinja, duk wanda ke bakin titi yana ganin wa ka ɗauka da inda ka nufa?"

"Sosai."

"To VPN kamar ka bi da shi ta wata rufaffiyar hanya ce, ka fito a wata unguwa. Na bakin titi ba su ga komai ba. Amma mai hanyar ya gani. Saboda haka kafin ka sa, ka tambayi ɗanka ta wa ce hanyar, kuma ko ya yarda da shi."

Ahmadou ya jinjina kai yana maimaitawa a hankali, fasinjojin baya biyu kuma suka ce a fassara musu da Faransanci. Ta fassara musu tana buɗe ƙofa, ta sauka, ta ratsa tsakanin masu tura baro ta nufi shagon mahaifinta.